Makarantar da Ta Hana Mushe Haruna Ranar Haihuwa

Ku da kuke shigowa shagona da waya a hannu kuna cewa, "Inna Rabi, ai sana'arku ta mutu, yanzu kowa na iya cika dosiye na neman aiki ko makaranta yana kwance kan gado," ku ja benci ku zauna. Ba faɗa zan yi muku ba. Jiya na ji ku uku kuna gardama a bakin ƙofata kan wace makarantar intanet za ku shiga ku yi mastar na hulɗar ƙasashe, wai ku samu aikin gwamnati ku zama jakadu, har ɗayanku ya fara gwada tafiyar jakada a kan barandata. Tafiyar ta yi kyau, ban kushe ba. Saura takarda. Ita kuwa takarda, fiye da shekara talatin ke nan ina cin tuwo da ita a garin nan na Ƙonni.

Aikin farko da aka bar ni na yi ni kaɗai takardar neman gadin lakwal ce, wato makarantar boko, ta wani mutumin Tsarnawa. Lokacin ina koyo a wurin Malam Sa'idu, wanda ke da tebur da dakatilo a ƙarƙashin itacen bedi kusa da gidan waya. Dakatilo shi ne injin buga rubutu na da, mai ƙara, wanda in ka yi kuskure ba shi da wurin gogewa, sai dai ka zare takardar ka sake. Na jera fararen takardu uku da karbon biyu a tsakani, na buga tas ba kuskure, na miƙa wa Malam ina jiran yabo. Bai ko karanta ba. Ya karɓi takardar haihuwar mutumin ya shimfiɗa kusa da tawa, ya ɗauko wata rula ta katako ya aza a kan layin farko na duka biyun, ya riƙa saukowa layi bayan layi. A layi na uku ya tsaya. Mutumin ya faɗa mini da baki cewa a Tsarnawa aka haife shi, ni kuma na buga Tsarnawa. Takardar haihuwarsa kuwa wani ƙauye ta ambata na kusa da Tsarnawar.

"Rabi," in ji Malam, "mai buro, wanda ka zama ofis, bai san mutum ba, takarda yas sani. In takardu biyu sunka yi gardama gaba nai, mutumen ka shan wuya. Sake."

Na sake. Shekara biyu na yi a gefen teburin nan, kuma abu biyu na fita da su. Na farko rular, don da ƙarfinsa ya ƙare ni ya bar wa ita, ga ta can a kan firinta, lambobinta duk sun goge. Na biyu tambayar da yake yi wa duk wanda ya zauna gabansa tun kafin ya sa takarda a inji: wannan takardar, wace taga za ta? Wato wane ma'aikaci ne zai karɓe ta, me yake dubawa, me ke sa ya turo ta baya. Malam daga ƙarshe yake fara aiki. Ni ma har yau haka nake yi.

Kayan aiki sun yi ta sauyawa a hannuna. Daga dakatilo na koma na'urar foto-kofi mai zafi, wadda da rana sai na jiƙa tsumma na aza mata. Daga nan ordinatar ta zo, wato kwamfuta, na koye ta ina da 'ya'ya huɗu, ina danna maɓallanta da ƙarfin dakatilo har mai gyara ya roƙe ni in ji tausayinta. Sai sikana, sai rezo na intanet, sai makarantun da ba su da ƙofa sai adireshi. Masu zuwa ne ba su sauya ba. Soja yana son takardarsa tun jiya. Jandarma sai ya karanta sau biyu yana neman laifi, in bai samu ba ya tafi ransa a ɓace. Matan da ke bin fanshon mazajensu suna zuwa da takardu a ƙulle cikin leda uku, kuma su ne ba su taɓa mance ko ɗaya a gida. Malamin lakwal kuwa sai ya gyara mini Faransanci, in bar shi ya gyara, in ya fita in mayar yadda yake.

Cikin malaman lakwal ɗin nan ne na samu aikin da ya fi kowanne yi mini daɗi. Wata Asabar da hantsi wani dogon mutum ya sauka daga kabu-kabu, ƙura har gira, ya rungume jakar leda a ƙirji. Sunansa Haruna, yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata sakandare a Dogarawa, kowa Mushe Haruna yake ce masa, don Mushe ake ce wa malamin lakwal a nan, daga Faransanci. Ɗan kwantiragi ne, wato gwamnati na aiki da shi amma ba ta ɗauke shi dindindin ba. Yana da lisansi, wato digirin farko, kuma tun yana ɗalibi ransa na kan aikin harkokin waje. Ya ji cewa in aka buɗe konkur, wato jarrabawar gasa ta ɗaukar ma'aikata, a wannan fanni, mastar ake nema. Ba zai iya barin aji da iyali ya koma jami'a ba, don haka sai karatun intanet.

"Inna, makaranta biyu na samu," in ji shi. "Ɗaya nika so ki cika mini. Minti goma ya isa."

Duk wanda ya ce mini minti goma ya isa, na san ranar ba zan ci abincin rana da wuri ba. Na ce ya nuna mini duka biyun.

Ta farko ta sha ado. Hoton gini mai ginshiƙai, ɗalibai suna dariya da haƙora farare, wata takwas ka gama, babu jarrabawa, difiloma da tambarin zinariya. Tun da ya ba su lambarsa suke kiransa sau uku a rana, kuma wai "Ekselansi" suke ce masa, kamar ya riga ya zama jakada. Abokinsa Sahabi, malami a Malbaza, ya riga ya shiga. Ta biyu jami'ar gwamnati ce ta wata ƙasa, shafinta ba fasali, rubutu ƙanana, shekara biyu cur, jarrabawa a gaban kamara, a ƙarshe ka rubuta kundin bincike ka kare shi a gaban malamai. Ba su taɓa kiransa ba ko sau ɗaya.

Ta farkon yake so, kuma ba don lalaci ba. Konkur ɗin yana da iyakar shekaru, shi kuwa shekara biyu da rabi suka rage masa kafin ya wuce iyakar. In ya bi mai wata takwas, yana da sarari. In ya bi mai shekara biyu, ko kaɗan aka samu jinkiri, ƙofar ta rufe masa har abada. Wannan shi ne abin da ke cikin jakar ledar nan, ba takardu kaɗai ba.

Na ce ya ba ni takardar haihuwarsa. Ya miƙo jijma, irin takardar da alƙali ke yi wa wanda ba a rubuta haihuwarsa a kan lokaci ba. Ku yaran asibiti ba ku san wannan ba, kowannenku yana da rana da wata har da awa. Mutanenmu na ƙauye da yawa shekara kaɗai gare su, ita ma da kalmar "wajajen" a gabanta: an haife shi wajajen shekara kaza. Haruna a wani ƙauyen Alela aka haife shi. Ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, kawunsa ya kai shi, aka ce ya ɗaga hannun dama ta bisa kai ya taɓo kunnen hagu. Ya taɓo. Aka ce to ya kai bakwai, aka ƙirga baya aka rubuta shekara. Da hannunsa ya fi haka gajarta, da yau ya fi haka ƙuruciya.

To fom ɗin intanet bai san "wajajen" ba. Akwati uku ne: rana, wata, shekara, kuma in ka bar ɗaya ba komai sai ya yi ja ya ƙi wucewa. Abin da mutanenmu ke yi a nan shi ne su cusa duk ranar da ta zo musu a ka. Wani ya sa ranar aurensa, wani ranar da ya sayi babur. Fom ya wuce, a yi murna. Sai bayan shekaru difiloma ta fito ɗauke da ranar nan, a kai ta taga tare da jijma, takardu biyu su yi gardama.

Na ce masa, "Mushe, ba mu cika komi yau. Wasiƙa za mu rubuta, iri guda, mu aika ma duka biyun."

Wasiƙar layi uku ce. Ɗalibinmu ba shi da rana ko watan haihuwa a takardarsa ta hukuma, shekara kawai, ita ma wajajen. Yaya za ku rubuta a difilomarsa?

Kafin ya gama shan ruwan da na ba shi, ta farko ta amso. Ekselansi, wannan ba matsala ba ce ko kaɗan. Ka zaɓi ranar da ta yi maka, za mu buga. In ma shekarar ce ke damunka, faɗa mana wadda kake so.

Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta yi haske irin haka ba. Mutumin da bai taɓa samun ranar haihuwa ba, ga shi an ce ya zaɓa, har da gyaran shekaru kyauta. Ya miƙe ya zagaya shagon.

"Inna, kin gani? Waɗanga mutanen kirki na! Sun san halin da muke ciki."

"Sun sani ƙwarai," na ce. "Wace taga za ka kai takardar?"

Ya koma ya zauna. Na ɗauko rular na ajiye a kan jijmarsa. Ya koma Dogarawa ranar bai cika fom ba, kuma na tabbata a hanya ya zage ni a zuci.

Amsar makaranta ta biyu sai da ta kwana tara. Wata ma'aikaciyar rajista ce ta amso, ko gaisuwar kirki babu. Ba mu da ikon ƙirƙira wa ɗalibi ranar haihuwa. Ya aiko da kofin takardar da hukumar garinsa ta buga wa hatimi, za mu yi masa rajista da hannu, kuma abin da takardar ta ce shi za mu rubuta. A cikin kwana taran nan ni ma ban zauna ba. Na kira wata tsohuwar mai kawo mini aiki da aka mayar Yamai, na roƙe ta ta je tagar da ake tantance difilomomin waje ta tambaya. Ta dawo mini da amsa: ta biyun sun san takardarta, ta farkon ba wanda ya taɓa jin sunanta.

Da Haruna ya karanta amsar ma'aikaciyar rajistar, ya ɓata fuska.

"Waɗanga ba su da mutunci, Inna. Ko Mushe ba su ce mini ba."

"Wanda ya ƙi yi maka ƙarya yau, shi za a yarda da sa hannu nai gobe," na ce. "Amma kai za ka zaɓa, ba ni ba. Shekarunka na, ba nawa ba."

"In na ƙare shekarun sun wuce hwa?"

"Sai ka zama malamin lakwal mai mastar na gaskiya, in riƙa barin ka kana gyara mini Faransanci."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya fita, na hango shi ya tafi har bakin tasha ya tsaya, ya dawo. Ya ce in sa takardun a sikana. Muka tafi meri, ofishin magajin gari, aka buga hatimi, muka aika, aka ɗauke shi.

Shekarar farko lafiya lau. Duk Asabar yana zuwa ya sauke darussa, ya zauna a ɗakin baya inda nake ajiye takardu, ya yi ta karatu har la'asar. Ni ma na ƙaru, don in ya fito shan iska sai ya ba ni labarin yadda ƙasashe ke rubuta wa juna wasiƙa, da yadda ake zaunar da baƙi biyu masu ji da kansu ba tare da ɗaya ya ga an fifita ɗaya ba. Na ce masa wannan ai kowace uwar biki ta iya. Sahabi kuwa a wata na takwas ya zo da difilomarsa in yi masa foto-kofi mai launi. Kyakkyawa ce, ba ƙarya. Ya zaɓi ranar haihuwa mai daɗin faɗi, ya kuma rage wa kansa shekara uku. Ya dafa kafaɗar Haruna ya ce, "Aboki, in ka ƙare ka iske mu gaba." Haruna ya yi murmushin yaƙe, ya koma ɗakin baya.

Sai shekarar wuya ta zo, wadda duk kun sani, da aka rufe iyaka kuma kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ƙonni gari ne da ke numfashi da iyakar nan. 'Yan kasuwar da ke kawo mini takardun kaya suka daina zuwa. Samarin da suka buɗe shagunan intanet a kan babban titi suka rufe ɗaya bayan ɗaya, don ordinatar ba ta aiki da fatan alheri. Ni kuwa na shiga ƙarƙashin gado na jawo dakatilon Malam Sa'idu, na share, na ɗiga masa man keken ɗinki, na nemo ribon, zaren tawadarsa, a wurin wani tsohon sakatare. Ranar da ƙararsa ta tashi a barandar nan, mutane suka taru kallo. Taga ba ta tambaya ko da me aka buga takardar neman aiki, in dai layukan sun daidaita. Da injin nan na ci da gidana har abin ya wuce, kuma in faɗa muku gaskiya, na ji daɗin yatsuna.

Karatun Haruna ne dakatilo ba zai iya ba. Na sa aka ɗora mini pano ɗaya na hasken rana a kan rufi, da tsohon batirin babbar mota. Abin da yake tarawa ba ya wuce awa biyu na ordinatar da rezo. Na hana kaina fanka, na hana kaina cajin waya, duk na ajiye wa Asabar. Haka ya rubuta kundinsa, a kan yadda 'yan kasuwar bakin iyaka ke sasanta rigimarsu tsakaninsu ba tare da an je gaban hukuma ba. Ni na buga shi, shafi ɗari da wani abu, kuma a wannan karon da ya gyara mini Faransanci shi ke da gaskiya.

Ranar kare kundin ta faɗo wata Laraba da ƙarfe goma na safe. Makarantar ta aiko da sharuɗɗa. Malamai uku za su yi masa tambayoyi ta kamara na awa ɗaya. Kafin a fara zai zagaya da kamarar su ga ɗakin. Ba wanda zai shiga, ba wanda zai yi masa magana, shi ma ba zai yi wa kowa ba. In aka saɓa, an soke, sai zama na gaba bayan wata shida. Wata shidan nan kuwa Haruna ba shi da su.

Wanda ya rubuta sharuɗɗan nan bai taɓa zuwa Ƙonni ba. A nan ina aka taɓa rufe ƙofa awa ɗaya da rana tsaka ba wanda ya yi sallama? Na share ɗakin baya, na cika batir tun jajibiri, na rufe shi ciki da kwat ɗin aro a kan wandon gida, don kamara ba ta ganin ƙasa. Na ɗauko kujera na dasa a bakin ƙofa. Mai kawo ruwa ya zo na kore shi da ido. Wani jandarma ya zo da takarda, na ce gobe, ya ga fuskata bai yi gardama ba. Minti ashirin suka wuce ina jin muryar Haruna ƙasa-ƙasa tana tafiya daidai.

Sai ga babur ya tsaya, wani tsoho ya sauko daga baya da sanda da farin rawani, riƙe da zabi biyu a ɗaure. Kawu Illo ne, wanda ya rene Haruna bayan rasuwar mahaifinsa, shi ne kuma ya kai shi aka taɓa kunne. Ya ji a ƙauye cewa yau ɗansa zai tsaya gaban manyan malamai, ya taso tun asuba daga Alela don ya sa albarka. Bai dube ni ba. Ya nufi ƙofar ɗakin baya, ya ɗaga murya irin ta mai kiran shanu.

"Salamu alaikum! Haruna!"

Na ji muryar Haruna ta tsaya cak a ciki. Na san abin da ke ransa. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sallamar tsohon nan ya yi shiru ba, kuma a ƙauyensu wanda ya yi haka sai an yi shekara ana faɗi. Na yi tsalle na shiga tsakanin tsohon da ƙofar, na durƙusa.

"Wa alaikumus salam, Baba! Sannu da zuwa, sannu da hanya!"

"Ba ke niy yi ma sallama ba, ɗiyata. Yaro na nika nema. Ga murya tai nan ina ji."

"Shina ciki, Baba. Malamai ukku na yi mai tambaya cikin na'ura. In ya amsa maka, sun kada shi."

Ya dogara sandar ya dube ni sama da ƙasa.

"Waɗanne irin malamai na ka hana amsa sallama?"

Ya buɗe baki zai sake ta biyu. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba.

"Baba, ni ya wakilta. Yac ce duk wanda ya yi mai sallama yau, in amsa da baki nai. Ko wurin ɗaurin aure ai ba ango ka magana ba."

Tsohon ya rufe baki. Ya yi tunani. Wakilci abu ne da ya sani, ya sha yi wa mutane, an sha yi masa.

"To," in ji shi, "in wakiliya ta ke, sai mu gaisa da kyau."

Na ja shi can ƙarshen baranda inda inuwa take, na ba shi kujerata, na kawo ruwan randa. Muka fara. Ina gajiya, ina hanya, ina gida, ina iyali. Ya tambayi lafiyar Haruna na amsa a madadinsa, ya tambayi matar Haruna da yaransa ɗaya bayan ɗaya na amsa. Da na ga gaisuwar za ta ƙare, sai ni ma na juya a madadin Haruna na tambayi mutanen ƙauye, gida gida, waɗanda ban taɓa gani ba. Ina gero, ina dawa, ina wake, ya saniyar nan. Ban san ko akwai saniya ba, ashe akwai, kuma ta haihu. A ciki na ji muryar Haruna ta ci gaba, ta ma fi ɗazu ƙarfi. Sai batirin ya fara ƙaramin kukan da yake yi in ya kusa ƙarewa. Kunnena ɗaya na wurin tsoho, ɗaya na wurin batir, ina murmushi ina zufa.

Da gaisuwa ta ƙare ƙarƙaf, na ce, "Baba, wai yaushe anka haihi Haruna?"

"A'a, wanga ai sananne na. Daren da ruwa ya rushe rijiyar gari, gero ya fara fidda kai. Ranar kasuwa ta."

"Wace shekara?"

"Shekarar da rijiya ta rushe mana."

Ya ɗauko labarin rijiyar tun daga wanda ya gina ta. Bai kai ga rushewar ba ƙofa ta buɗe. Haruna ya fito kwat ɗin ya jiƙe sharkaf, ya wuce ni ya zube gaban kawunsa ya amsa sallamar da aka yi masa minti arba'in da suka wuce. Sannan ya ɗago ya ce malaman sun karɓa, har sun yaba. Na yi guɗa a kan babban titi, ni da ban yi guɗa a bikin 'yata ba. Batirin ya mutu kafin mu gama murna, zabin kuwa ranar muka cinye su.

Difilomar ta iso bayan wata uku, aka ba direban bas daga Yamai ya kawo. Ba ta da zinariya, farar takarda ce mai kauri da sa hannu biyu. Haruna ya ƙi buɗewa, ya ce ni in buɗe. Na shimfiɗa ta kusa da jijmar, na aza rular Malam Sa'idu. Suna daidai. Sunan uba daidai. Wurin haihuwa daidai. A layi na huɗu, jami'ar da ke wata ƙasa mai nisa, wadda ba ta taɓa ganin Alela ba, ta rubuta: an haife shi wajajen shekara kaza. Na daɗe ban ɗaga rular daga layin nan ba, don daɗi.

Aka kai ta tagar tantancewa ta wuce. Aka buɗe konkur saura masa 'yan watanni shekarunsa su cika, na haɗa dosiyen da hannuna, na jera takardun yadda sanarwar ta lissafa su, ya kai aka karɓa ba a ce uffan ba. Sahabi ma ya kai nasa. Mai tagar bai yi masa faɗa ba, ya dai ajiye takardunsa biyu gefe da gefe ya tambaye shi wanne ne shi a cikin mutanen nan biyu. Difilomar tana rataye a falonsa a Malbaza, ta ƙawata bangon sosai. Bana ya zo ya ce in rubuta masa wasiƙar nan mai layi uku, kuma na rubuta masa da farin ciki, don shi yana da sauran shekaru, na gaskiyar.

Ranar da jerin sunayen waɗanda suka ci ya fito, Haruna ya kira ni daga Yamai. Bai yi sallama ba, shi da ya san darajarta. Ya ce, "Inna, na zo na huɗu!" ya kashe. Yanzu yana can wani buro a ma'aikatar harkokin waje. Bai zama jakada ba tukuna, kada ku yi saurin gyara tafiya. Ya ce mini yawancin aikinsa shi ne a ba shi takardu biyu ya tabbatar ba su yi gardama ba, har ya sayi rula.

To ku da kuke zaɓen makaranta, gobe kowa ya zo mini da takardar haihuwarsa da sanarwar konkur ɗin da yake hari, daga nan za mu fara. Kuma duk makarantar da ta fara ce muku Ekselansi kafin ku buɗe littafi, ku gaishe ta.

Da ranar fitowar sunayen nan ta zagayo bana, sai ga direban bas da ƙunshin kilishi da 'yar takarda. Haruna ya rubuta cewa tunda ba wanda ya ba shi ranar haihuwa, ya ɗauki wannan, kuma kada in damu, ba zai sa ta a kowane fom ba. Ina cikin karantawa babur ya tsaya. Kawu Illo ne, shi ma an aika masa ya zo cin kilishi. Wannan karon bai nemi ƙofar ɗakin baya ba. Ya tsaya a gabana ya dogara sanda, ya ɗaga muryar nan tasa har masu shagon gefe suka leƙo.

"Salamu alaikum, wakiliya! Ina yaro na ya kwana?"

Na ce lafiya lau ya kwana, Baba, yau ma aka haife shi.